Sarkin Katsina Dikko da Mindar Gidanmu

A gidanmu da ke Gezawa akwai wata tsohuwar minda ta tagulla mai hoton kan doki, rubutunta duk ya goge. Bana da kuɗin rajista ya gagara, wani dillalin tsofaffin kaya ya taya ta, har Baba ya fara tunani. Ni kuwa na ce a dakata in bi asalinta tukuna. Binciken nan ne ya kai ni ga Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, domin a bargarsa kakan Baba ya yi aiki, kuma a wata sukuwa ta zamaninsa aka ba shi ita.

An haifi Dikko a 1865. Yana Durɓin Katsina Turawa suka tuɓe Sarki Yero a 1906 suka naɗa shi, sarauta ta tashi daga gidan Dallazawa ta koma Sulluɓawa. A 1921 ya yi aikin hajji yana kan gadon mulki, abin da sarakunan Arewa ba su saba yi ba. A tafiyar ya je Ingila, inda Sarki Joji na Biyar ya ba shi lambar girma. A zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye irin su Tafawa Ɓalewa da Sardauna.

To amma fa maganar doki, nan ne Dikko ya yi fice. Shi ya kafa wasan ƙwallon dawaki a Katsina, ya sa 'ya'yansa da fadawansa suka koya. Ɗansa Usman Nagogo, wanda ya gaje shi da ya rasu a 1944, ya shahara a wasan har ƙasashen waje.

Lambobin Dikko suna cikin littattafan tarihi. Su kuwa masu yankan ciyawa da wanke dawaki, wa ya rubuta sunansu? Wallahi ban da mindar nan, ba mu da wata shaida cewa namu ma ya taɓa hawa ya yi nasara.

Ƙarshenta dai ragon Inna aka kai kasuwa, na yi rajista. 'Yan'uwa ɗalibai, in kun je hutu ku leƙa adakar kakanninku kafin dillali ya riga ku.