John Wesley, Malamin da Hadari Ya Tona Asirinsa

Da yawa cikinmu mun san sunan John Wesley, wanda ekklisiyar Methodist ta fito daga aikinsa. Amma ba kowa ne ya san cewa ya yi shekara 13 yana hidimar Allah da tsoro a zuciyarsa ba.

An haife shi a Epworth, cikin ƙasar Ingila, a 1703. Ubansa fasto ne. Ya yi karatu a Oxford, aka keɓe shi domin aikin ekklisiya a 1725. Shi da ƙanensa Charles da waɗansu samari suka ɗora wa kansu ka'idodi masu wuya. Suna azumi Laraba da Jumma'a, suna gai da fursuna da marasa lafiya. John kuwa yakan rubuta abin da ya yi da kowace sa'a ta yini. Abokan karatunsu suka yi musu ba'a, suka laƙaba musu suna Methodist, wato masu bin tsari. Da a garinmu yake, da mun ba shi kujerar gaba a majami'a ba gardama.

A 1735 ya shiga jirgin ruwa zuwa Jojiya ta Amurka, da niyyar kai bishara ga Indiyawan ƙasar. A cikin jirgin akwai Jamusawa 26 na ekklisiyar Morabiya, masu tawali'u, waɗanda ke yi wa fasinjoji aikin ƙasƙanci ba lada. Ran 25 ga Janairu 1736 babban hadari ya taso suna cikin sujada. Ruwa ya keta babban filafilan jirgin, ya kwararo ciki. Ingilishi suka yi ta kururuwa. Jamusawan nan kuwa, har mata da yara, suka ci gaba da waƙarsu. Wesley ya duba zuciyarsa, ya tarar yana tsoron mutuwa ƙwarai, ga shi kuwa shi ne faston jirgin.

Da suka sauka, wani shugaban Morabiyawa, Spangenberg, ya tambaye shi ko ya san Yesu ya cece shi, shi kansa. Ya amsa da baki cewa ya sani. Amma ya rubuta cikin littafinsa cewa yana jin amsar nan maganar banza ce. Mu dai a nan muka fi girmama shi, gama mutum yakan iya ruɗin mai tambaya, ya kuma ruɗi kansa har tsufa. Wesley ya ƙi yin na biyun.

Aikin Jojiya ya lalace. Ya so wata yarinya, ya yi ta jinkiri, ta auri wani. Daga baya ya hana ta Jibin Ubangiji, danginta suka kai shi ƙara, ya bar garin da dare a Disamba 1737. Ya koma gida yana ganin shi da ya tafi tubar da waɗansu, shi ne mai bukatar tuba. Da ya manyanta ya sassauta hukuncin nan, ya ce bangaskiyar bara yake da ita a lokacin, ba ta ɗa ba. Mun san bambancin a gidajenmu. Bara yana aiki yana sauraron takun maigida, ɗa kuwa ko ya fasa tulu ya san inda zai kwana.

Ran 24 ga Mayu 1738 ya tafi wani ƙaramin taro a titin Aldersgate a Landan, ba da son ransa ba. Ana karanta gabatarwar da Martin Luther ya rubuta wa Wasiƙa zuwa ga Romawa. Wajen ƙarfe tara saura kwata ya ji zuciyarsa ta yi ɗumi, ya tabbata Almasihu ya ɗauke zunubansa. Abin da ya fara yi shi ne addu'a domin waɗanda suka wulakanta shi.

Daga 1739 ya fara wa'azi a fili ga talakawan Bristol da masu haƙar kwal. A 1743 taron 'yan tarzoma a Wednesbury suka ja shi cikin dare, suka buge shi har bakinsa ya yi jini, shi kuwa yana yi musu magana a natse. Ƙarshenta wani daga cikin manyansu ya juya ya tsare shi.

Kada fa mu zaci shakka ta rabu da shi ke nan. A 1766, yana da shekara 63, ya rubuta wa Charles cewa yana ganin bai taɓa ƙaunar Allah yadda ya kamata ba, ko da yake tsoron Jahannama ba ya damunsa. Bai ɓoye wa ɗan'uwansa ba, bai kuwa sauka daga dokinsa ba. Ya ƙara shekara 24 yana yawon wa'azi.

Kwana shida kafin mutuwarsa ya aika wa William Wilberforce wasiƙa, yana ƙarfafa shi kada ya gaji da yaƙi da cinikin bayi. Ya rasu a Landan ran 2 ga Maris 1791, yana da shekara 87.