Oba Ovonramwen na Benin: Sarkin da Hoto Ya Mayar Gida

Jama'a, a wannan fitowar za mu leƙa tarihin wani sarki na nan Kudu, wato Oba Ovonramwen Nogbaisi na Benin, wanda ya gaji mahaifinsa Oba Adolo a 1888.

A lokacin Turawan Ingila sun sa ido a kan cinikin manja da roba na ƙasarsa, shi kuwa ya riƙe ragamar cinikin gam. A Janairun 1897 wani jami'insu, James Phillips, ya doshi birnin da ayari, alhali an aika masa ya dakata. Aka tare su a hanya, aka kashe shi da akasarin mutanensa. To, dama abin da ake jira ke nan. A Fabrairu sai ga Admiral Rawson da mayaƙa kimanin 1,200, cikinsu har da Hausawan da suka shiga sojan Bature. Suka ci birnin, wuta ta cinye fada, aka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa zuwa Turai.

Oba ya yi wata shida a daji kafin ya miƙa wuya a Agusta. Aka tuɓe shi, aka sa shi a jirgin ruwa mai suna Ivy zuwa Kalaba, da matansa biyu. A cikin jirgin nan ne wani saurayi ɗan Ijo daga Bonny, Jonathan Adagogo Green, ya ɗauke shi hoto yana zaune, sojoji na tsaye a kansa. Saboda sunan nan Green, an daɗe ana zaton mai hoton Bature ne.

Ga Turawa, hoton nan shaidar nasara ce. Amma mutanen Benin da suka duba, ubansu suka gani, zaune da kwarjininsa. Oba bai sake taka ƙasarsa ba, a Kalaba ya rasu a Janairun 1914. A shekarar aka naɗa ɗansa, Eweka na Biyu. Jikansa Akenzua na Biyu ya hau a 1933, kuma shi Turawa suka mayar wa da kayan murjanin kakansa a 1938. Zuriyar ce dai ke kan gado har lokacin da aka naɗa Ewuare na Biyu a 2016. Waɗanda ba su taɓa ganin Oba ba, ta hoton nan suka san fuskarsa.

Mu ma mun san irin wannan. Haka aka kai Sarkin Kano Alu da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi Lakwaja, can kuma suka cika.

Ana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Shi kam gida bai bar shi ba. Mu da ke zaman Sabo, ba korar mu aka yi ba, neman abinci ya kawo iyayenmu, amma nawa ne cikin 'ya'yanmu suka san fuskar kakan da ya fara sauka a nan? Don Allah a zazzage akwatuna, a fito da tsofaffin hotunan nan kafin gara ta riga mu. A tambayi dattawa tun suna raye, a rubuta suna da garin asali a bayan kowane ɗaya.