Eddie Cicotte: Gwanin Jifa Da Ya Sayar Da Wasa Yana Cikin Ganiyarsa

Mutanen Talatar Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda suka saba taruwa a filin dambe bayan an kawar da amfanin gona, sun san cewa galibin 'yan wasa da ƙuruciya suke cin kasuwarsu. Ɗan dambe yakan yi tashe yana saurayi, in shekaru suka tura hannu ya yi sanyi, sai ya koma gefen fili yana naɗa wa yara zare. Amma akan sami ɗaiɗaiku waɗanda sai girma ya fara kama su sa'an nan gwanintarsu take nuna. A ƙasar Amurka, cikin wasan nan nasu da suke kira besbol, an yi wani mutum irin wannan, sunansa Eddie Cicotte, ana furta shi Sikot. Shekarunsa huɗu na ƙarshe a fili su ne suka fi dukan na baya albarka, kuma a cikinsu ne ya karɓi cin hancin da ya raba shi da wasan har abada.

Kafin a shiga tarihinsa ya kyautu a ɗan bayyana yadda wasan yake, tun da yake ba a yinsa sosai a ƙasar nan. Kowane ɓangare mutum tara ne. Mai jifa yakan tsaya a tsakiyar fili, tazarar ƙafa 60 da inci 6 daga mai riƙe da gora, ya wurgo masa ƙwallo. In mai gora ya doke ta, sai ya ruga ya zagaya zango huɗu, in ya komo gida lafiya ɓangarensa ya ci maki ɗaya. Ana yin haka turmi tara, watau kamar yadda ake ƙirga turmi a dambe. To, duk cikin mutum taran nan babu wanda wasa yake hannunsa kamar mai jifa, domin kowane motsi daga hannunsa yake farawa. Shi ya sa 'yan caca, in suna neman wanda za su saya, shi suke fara nema.

An haifi Edward Victor Cicotte ran 19 ga watan Yuni na 1884 a Springwells, kusa da birnin Ditiroit a Jihar Mishigan. Iyayensa jinin Faransawan Kanada ne. Ya fara wasa a ƙananan ƙungiyoyi, kuma a 1905 ya yi zama a garin Ogasta na Jihar Jojiya tare da Ty Cobb, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin mashahuran masu gora na duniya. A ƙarshen wannan shekara ƙungiyar Detroit Tigers ta gwada shi a wasa uku, ba ta riƙe shi ba, ya koma ƙananan ƙungiyoyi. Sai a 1908 ya sami gindin zama a Boston Red Sox.

Zamansa a Bostan babu wani abin a zo a gani. Yau ya yi kyau gobe ya lalace, shugabannin ƙungiyar kuma ba su ɗauke shi a bakin kome ba. A watan Yuli na 1912 suka sayar da shi ga Chicago White Sox, kuma a shekarar nan suka ci kofi ba tare da shi ba. Yana da shekara 28 a lokacin, kuma mai kallo zai ce iyakar abin da zai yi ke nan.

Cicotte ba dogo ba ne, ba kuma mai ƙarfin damtse ba. Da dabara ya ci abinci. Yana cikin mutanen farko da suka ƙware a wani irin jifa da ake dafe ƙwallo da gaɓoɓin yatsu, a sake ta ba tare da tana juyawa ba. Ƙwallon da ba ta juyawa iska ce take wasa da ita, ta yi nan ta yi can, ta faɗo inda mai gora bai zata ba, wani lokaci har abokin wasan da ke tsugune yana jiran cafe ta ba ya sanin inda za ta sauka. Saboda wannan jifa aka yi masa laƙabi da Knuckles, watau gaɓoɓin yatsu. Amfaninsa shi ne ba ya cin ƙarfin hannu, saboda haka mai yinsa yakan daɗe a fili bayan masu jifan ƙarfi sun gaji sun tafi. A Shikago ya ƙara da wata dabara ta goga gefe ɗaya na ƙwallo a jikin wandonsa har ya yi santsi, yadda za ta riƙa karkacewa in ta taho. Abokan hamayya sun sha kai ƙara a kan wannan, amma a lokacin doka ba ta hana ba.

A 1917, yana da shekara 33, abin ya buɗe masa. Ran 14 ga watan Afrilu ya kara da St. Louis Browns, aka yi turmi tara babu mai gora ko ɗaya da ya sami dukan da ya kai shi zango, abin da mai jifa yakan gama rayuwarsa bai yi ba. Ya ƙare shekarar da cin wasa 28, an cinye shi 12, kuma matsakaicin makin da ake ci a hannunsa cikin kowane turmi tara bai wuce 1.53 ba. Babu wanda ya kamo shi a rukuninsu. A gasar ƙarshe da ake kira World Series, inda zakarun rukunoni biyu suke karawa, shi ya buɗe wasan farko ya doke New York Giants da ci 2 da 1, kuma White Sox suka ɗauki kofi.

A shekarar 1918 ana cikin Yaƙin Duniya na Farko, aka gajarta wasanni, 'yan wasa da yawa suka tafi soja ko masana'antu, shi kuma aka cinye shi sau 19. Amma a 1919, yana da shekara 35, ya dawo da ƙarfinsa: ya ci wasa 29, ya faɗi 7 kacal, kuma sau 30 yana fara wasa ya kai shi ƙarshe ba a canja shi ba. Kowa ya ɗauka White Sox za su murƙushe Cincinnati Reds a gasar ƙarshe.

A nan ne Chick Gandil, mai tsaron zangon farko, ya shigo da maganar 'yan caca. Shirin shi ne a sayi wasu 'yan wasan White Sox su faɗi da gangan, masu kuɗi kuma su zuba dukiya a kan Reds. Cikin 'yan cacar akwai Sport Sullivan na Bostan, da Bill Burns wanda shi ma tsohon mai jifa ne, da Abe Attell tsohon zakaran damben zamani, kuma an daɗe ana danganta kuɗin da Arnold Rothstein, babban ɗan cacar birnin Niyok. 'Yan wasa takwas maganar ta shafa. Amma shirin ba zai yiwu ba sai da Cicotte, tun da shi ne zai yi jifa a wasan farko da wasu biyu bayansa. Ya ce sai an ba shi dala 10,000 a hannu kafin a fara. Ya koma ɗakinsa na otal ya tarar da kuɗin ƙarƙashin matashin kai. Kuɗin sun fi albashinsa na shekara guda.

Ran 1 ga watan Oktoba na 1919 aka buɗe gasar a Sinsinati. Jifansa na biyu ya sami Morrie Rath, mai gora na farko, a gadon baya, kuma wannan ita ce alamar da aka ce 'yan caca suna jira don su san ciniki ya faɗa. A turmi na huɗu aka ci maki biyar a hannunsa, har mai jifan Reds, Dutch Ruether, ya yi masa dukan da ya kai shi zango na uku. Aka fitar da shi, aka tashi 9 da 1. A wasa na huɗu ya yi jifa mai kyau, amma a turmi na biyar ya yi kurakurai biyu: ya wurga ƙwallo ta wuce mai tsaron zangon farko, sa'an nan ya sa hannu ya karkatar da wadda Joe Jackson ya jefo daga nesa don a tare mai gudu. Makin nan biyu da suka biyo baya su kaɗai aka ci a ranar. A wasa na bakwai, bayan 'yan caca sun saɓa alkawarin sauran kuɗin da suka yi wa 'yan wasan, ya tsaya da gaske ya ci 4 da 1. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Reds suka ɗauki kofi da wasa biyar, White Sox na da uku.

An daɗe ana ba shi uzuri da wani labari, wai mai ƙungiyar, Charles Comiskey, ya yi masa alkawarin dala 10,000 in ya ci wasa 30, da ya ga ya kusa sai ya sa aka zaunar da shi. Littafin Eliot Asinof na 1963, Eight Men Out, da fim ɗin da aka yi da shi a 1988, su suka yaɗa wannan. Masu bincike da suka duba takardun kwantaragi da jerin wasanni daga baya ba su sami abin da ya tabbatar da shi ba. Sun ga an ba shi damar neman cin na 30 a ƙarshen watan Satumba bai samu ba, kuma albashin White Sox yana cikin mafi tsoka a lokacin. Abin da yake gaskiya shi ne dokar wancan zamani ta ɗaure ɗan wasa ga ƙungiya ɗaya, ba shi da ikon neman inda za a fi biyansa, kuma ba shi da fansho. Mutum mai shekara 35, da mata da 'ya'ya da bashin gona a wuyansa, ya san kwanakinsa a fili ƙidayayyu ne. Wannan yana bayyana abin da ya ja shi, amma ba ya wanke shi, domin Dickie Kerr, sabon mai jifa wanda albashinsa bai kai nasa ba, ya ci wasa biyu a gasar nan alhali wasu daga cikin abokansa suna yi masa zagon ƙasa.

Wasu 'yan jarida, musamman Hugh Fullerton, sun yi ta nuna cewa akwai lauje cikin naɗi, amma aka yi shekara guda ba a yi kome ba. A 1920 hukumar wasan ta haramta goge ƙwallo da sauran dabaru irinsa, duk da haka Cicotte ya ci wasa 21, an cinye shi 10. In aka haɗa, ya ci wasa 90 cikin shekarunsa huɗu na ƙarshe, daga cikin ɗari biyu da 'yan kai da ya ci a dukan rayuwarsa. Masu lissafin wasan sukan jera shi da Sandy Koufax na Los Angeles Dodgers, wanda ya ci wasa 27 a 1966 sa'an nan ya ajiye wasa yana da shekara 30 saboda ciwon gwiwar hannu. Koufax ciwo ne ya fitar da shi, Cicotte kuwa hannunsa lafiya lau yake ranar da ya bar fili.

A watan Satumba na 1920 kwamitin bincike na kotun gundumar Cook, inda Shikago take, ya zauna a kan zargin caca cikin wasan. Ɗaya daga cikin 'yan tsakani, Billy Maharg, ya fasa ƙwai a wata jaridar Filadelfiya. Washegari, ran 28 ga wata, Cicotte ya je ofishin lauyan ƙungiyar, daga nan aka kai shi gaban kwamitin, ya faɗi abin da ya yi yana hawaye. Shi ne na farko da ya amsa laifi, Jackson ya biyo shi a ranar. Comiskey ya dakatar da su saura wasa uku a gama shekara, suna kan gogayya da Cleveland Indians, kuma Cleveland ce ta wuce.

Shari'ar da aka yi a 1921 ta zo da abin mamaki. Takardun amsa laifin sun ɓace daga ofishin mai gabatar da ƙara, kuma Jihar Ilinoi ba ta da dokar da ta hana faɗuwa wasa da gangan, sai aka tuhume su da haɗa baki don zamba. Ran 2 ga watan Agusta masu taya alƙali yanke hukunci suka sallame su. Murnarsu ba ta wuce kwana ɗaya ba. Masu ƙungiyoyi sun riga sun naɗa wani alƙalin tarayya, Kenesaw Mountain Landis, ya zama kwamishinan wasan da cikakken iko, shi kuwa ya ce hukuncin kotu bai shafe shi ba, ya kori dukan takwas ɗin har iyakar rayuwarsu. Har Buck Weaver, wanda bai karɓi ko kwabo ba, korar ta haɗa da shi, domin ya zauna a taron kuma bai kai rahoto ba. Tun daga lokacin ake kiransu Black Sox, watau farar safa ta koma baƙa.

Cicotte ya ɗan taɓa wasa a ƙauyuka inda hukumar ba ta da iko, sa'an nan ya koma Mishigan. Ya yi aiki a kamfanin motoci na Ford har ya yi ritaya a 1944, daga nan ya koma noman 'ya'yan itace a 'yar gonarsa a bayan birnin Ditiroit. Bai yi ta kai ƙorafi a mayar da shi ba kamar yadda Weaver ya yi ta yi har mutuwarsa, kuma da wani ɗan jarida ya ziyarce shi cikin tsufansa bai musa laifinsa ba. Ya rasu ran 5 ga watan Mayu na 1969, yana da shekara 84.

A watan Mayu na 2025 kwamishinan wasan, Rob Manfred, ya yanke cewa korar dindindin tana ƙarewa ne da mutuwar wanda aka kora. Da wannan aka cire sunan Cicotte da na abokansa bakwai daga jerin korarru, shekara 56 bayan an binne shi.