Taha Hussein: Makahon da ya zama ministan ilimi a Masar

Masana adabi na yi wa Taha Hussein laƙabi da jagoran adabin Larabci, duk kuwa da cewa bai taɓa karanta harafi ɗaya da idonsa ba. Duk abin da ya sani wani ne ya karanta masa, haka nan duk abin da ya wallafa shifta ya yi wani ya rubuta.

An haife shi ne a watan Nuwamban 1889, a wani ƙauye da ke kusa da garin Magaga a lardin Minya na ƙasar Masar. Shi ne na bakwai daga cikin 'ya'ya 13 na mahaifinsa, wanda ƙaramin ma'aikaci ne a wani kamfanin sukari.

Yana ɗan shekara biyu zuwa uku ciwon ido ya kama shi. An daɗe ba a nema masa magani ba, da abin ya tsananta kuma sai aka kira wanzami, wanda ya sa masa maganin da ya ƙarasa idanun.

Zama a cikin dangi

A littafin tarihin rayuwarsa mai suna Al-Ayyam, wanda ya fito a 1929, marubucin ya nuna cewa da farko bai san yana da wata lalura ba. Abin da ya lura da shi kawai shi ne mahaifiyarsa na barin 'yan uwansa su yi abubuwan da take hana shi, kuma ana yi masa magana da wani irin tausayi da ba ya jin daɗinsa.

Wata rana ana cin abinci ya gwada ɗaukar loma da hannu biyu. 'Yan uwansa suka fashe da dariya, mahaifiyarsa ta kama kuka, shi kuwa mahaifin ya gyara masa cikin sanyin murya.

Wannan ɗan ƙaramin al'amari ya bi shi shekaru masu yawa. Ya koma cin ƙananan loma, ya ƙaurace wa duk abincin da ake ci da cokali, daga baya ma ya gwammace ya ci abincinsa shi kaɗai. Wanda ya karanta wannan sashe na littafin zai ga cewa kunyar idon jama'a ta fi gallabar yaron a kan rashin ganin kansa.

Gidan nasu ya ga wasu jarrabawoyin. Wata ƙanwarsa ta rasu tana 'yar kimanin shekara huɗu, bayan rashin lafiyar da ba a kira mata likita ba. Sannan a 1902 annobar kwalara ta yi ajalin wani yayansa da ke shirin shiga makarantar koyon aikin likita.

Bayan wannan rashi mahaifiyarsu ta daɗe cikin makoki. Shi kuma yaron, wanda ya riga ya haddace Alƙur'ani a makarantar allo tun yana ɗan kimanin shekara tara, sai ya ɗora wa kansa ƙarin salla da azumi da niyyar rama wa mamacin abin da yake tsoron ya yi sakaci da shi.

Daga Azhar zuwa Faransa

A zamanin, abin da aka saba gani shi ne makahon da ya yi hadda ya riƙa karatun Alƙur'ani a gidajen makoki da maƙabartu ana ba shi sadaka. Mahaifinsa dai ya yi masa burin ya zama malami, don haka a 1902 aka haɗa shi da wani yayansa da ke karatu a Azhar, suka tafi birnin Alƙahira.

Yayan ya riƙe shi, amma shi ma matashi ne mai abokai da harkokin gabansa. Sau da yawa yakan fita ya bar ƙanen nasa shi kaɗai a ɗaki, yana jiyo hirarsu da ƙarar kofunan shayi daga nesa, kunya kuma ta hana shi neman a tafi da shi. Sai da aka turo wani ɗan uwansu daga ƙauye ya zama ɗan jagoransa sannan ya samu sauƙi.

Dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da wasu malaman Azhar, saboda yawan musunsa da sukar tsarin koyarwarsu, kuma bai samu shaidar kammala karatu a can ba. Tun da aka buɗe Jami'ar Masar a 1908 ya shiga, inda a 1914 ya samu digirin digirgir na farko da jami'ar ta bayar. Ya yi nazarin ne a kan Abul Ala al-Ma'arri, mawaƙin nan na ƙasar Sham, wanda shi ma makaho ne tun yarinta.

Hukumomin jami'ar sun yi ta jan ƙafa kafin su amince su tura makaho karatu Turai, amma ya nace har suka yarda. A birnin Montpellier na Faransa ne ya haɗu da Suzanne Bresseau, wadda ta riƙa karanta masa littattafan Faransanci. Danginta ba su so auren ba da farko, sai da wani kawunta, wanda limamin coci ne, ya mara musu baya. Sun yi aure a 1917.

Suzanne ce ta taimaka masa wajen koyon Latin da shirya kundin digirinsa na Jami'ar Sorbonne a kan Ibn Khaldun. Ita ce kuma ta sa ya saba da cin abinci a cikin mutane. Sun haifi 'ya'ya biyu, Amina da Mu'nis.

Taƙaddama

Ya koma Masar a 1919 ya fara koyarwa a jami'a. A 1926 ya wallafa littafi kan waƙoƙin zamanin Jahiliyya, inda ya yi iƙirarin cewa akasarinsu daga baya aka ƙirƙire su. Wasu sassan littafin sun taɓo ƙissar Annabi Ibrahim da Annabi Isma'il, lamarin da ya fusata malaman Azhar da 'yan majalisa, har aka zarge shi da cin zarafin addini.

Mai gabatar da ƙara ya rufe maganar a 1927 ba tare da gurfanar da shi a kotu ba, kuma aka sake buga littafin bayan an cire waɗannan sassa. Har yanzu dai akwai malaman da ba su yafe masa ba, kamar yadda ake ci gaba da muhawara kan kiran da ya yi na Masar ta rungumi tsarin ilimin Turai.

A cikin wannan ƙura ce ya shifta kashi na farko na Al-Ayyam. Ya rufe shi da jawabi ga 'yarsa mai shekara tara, yana nuna mata cewa mahaifiyarta ce ta sauya rayuwarsa.

Gwamnatin Isma'il Sidƙi ta raba shi da muƙaminsa na jami'a a 1932, amma daga baya aka mayar da shi. A 1950 ya zama ministan ilimi, kuma a zamaninsa ne aka soke kuɗin makaranta a sakandaren gwamnati.

Taha Hussein ya rasu ranar 28 ga watan Oktoban 1973, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta kare haƙƙin bil'adama. Suzanne ta rubuta littafi kan zamansu na shekara 56, ta kuma rasu a 1989. Gidansu da ke Giza, wanda suka raɗa wa suna Ramatan, an mayar da shi gidan tarihi.