Julius Rosenwald: Attajirin da ya sa mutanen ƙauye suka mallaki makarantunsu

An haifi Julius Rosenwald a ranar 12 ga Agusta, 1862, a garin Springfield na jihar Illinois da ke Amurka. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Jamus. Bai kammala sakandare ba. Yana ɗan shekara 16 ya tafi New York koyon cinikin tufafi a wurin kawunnensa. A 1895 ya sayi hannun jari a kamfanin Sears, Roebuck, wanda ke aika wa manoma kaya ta gidan waya, kuma a 1908 ya zama shugabansa.

Alƙiblar rayuwarsa ta sauya a 1911, lokacin da ya haɗu da Booker T. Washington, malamin nan da aka haifa cikin bauta, wanda ke jagorantar kwalejin Tuskegee a jihar Alabama. A zamanin, dokokin wariyar launin fata sun raba makarantu a kudancin Amurka, kuma ’ya’yan baƙar fata na ƙauyuka suna karatu a rusassun ɗakuna ko cikin coci, na ’yan watanni kaɗan a shekara. Washington ya shawarce shi da su gwada gina ƙananan makarantu shida a ƙauyukan Alabama. Gwajin ya yi kyau, sai Rosenwald ya kafa asusu mai sunansa a 1917.

Sharaɗin da ya gindaya shi ne ƙashin bayan aikin. Asusun ba ya biyan kuɗin gini gaba ɗaya. Sai mutanen ƙauye sun kawo nasu kason, ko kuɗi, ko fili, ko katako, ko aikin gayya, sannan hukumar ilimi ta yankin ta amince za ta karɓi makarantar ta riƙa biyan malamai. Talakawan manoma suka riƙa sayar da kaji da soyayyen kifi, wasu suka keɓe gonar auduga don makaranta. A ƙarshe, abin da baƙar fata suka tara ya zarce abin da asusun ya bayar.

Ginin kansa an tsara shi daidai da rayuwar karkara. Saboda babu lantarki, an yi masa manyan tagogi da ke fuskantar gabas ko yamma domin hasken rana. A makarantu da yawa, akan janye allon da ya raba azuzuwa, wurin ya koma zauren taron gari. An kuma tanadi filin lambu da na wasa.

Zuwa 1932, an gina makarantu 4,977, gidajen malamai 217 da ɗakunan koyon sana’a 163 a jihohi 15. Marubuciya Maya Angelou da ɗan majalisa John Lewis, jigon fafutukar ’yancin baƙar fata, suna cikin waɗanda suka yi karatu a cikinsu. Masu suka sun ce aikin bai ƙalubalanci wariyar ba, ya dai rage raɗaɗinta. Sai a 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu.

Rosenwald ya rasu a ranar 6 ga Janairu, 1932. Ya bar umarnin a kashe dukiyar asusun kaf cikin shekara 25 bayan rasuwarsa, domin yana ganin kowane zamani ya kamata ya ɗauki nauyin matsalolinsa. Asusun ya rufe a 1948. Wasu daga cikin gine-ginen suna nan har yau, jikokin waɗanda suka ɗora tubalinsu suna gyara su suna taro a ciki.