Taƙaitaccen Tarihin Alan Blumlein, Mutumin da Ya Ba Faifai Kunne Biyu

Allah Ya yi wa ɗan Adam kunne biyu, kuma da su ne yake gane inda sauti ya fito. Idan aka buga ganga ta hannun dama, amon yakan riga isa kunnen dama, ya kuma fi ƙarfi a can. Garmaho da rediyon farko kuwa kunne ɗaya gare su, kowane sauti ta kafa guda yake fitowa. Maƙasudin wannan takarda shi ne a ba da tarihin wanda ya magance wannan matsala.

An haifi Alan Dower Blumlein a birnin Landan na ƙasar Ingila ranar 29 ga Yuni, 1903. Ya sami digirinsa a shekara ta 1923, sa'an nan a 1929 ya kama aikin injiniya a kamfanin faifai na Columbia, wanda ya haɗu da wani ya zama EMI a 1931.

A wannan shekara ce ya je silima, ya lura ɗan wasa yana gefe guda, muryarsa tana fitowa daga wani gefen. Abin ya tsaya masa a rai. Cikin watan Disamba ya kai dabararsa rajista: a gitta makirufo biyu wuri ɗaya, wannan ya saurari dama wancan hagu, a zana sautin kowanne a bango ɗaya na kwarin faifai. In lasifika biyu suka maido da su, sai mai sauraro ya ji inda kowane makaɗi yake zaune, na kusa da na nesa. Ya jarraba ta da ƙungiyar makaɗa a 1934, a 1935 kuma ya ɗauki fim ɗin jiragen ƙasa a tashar Hayes, ana jin jirgi yana ratsawa daga wannan gefe zuwa wancan.

Amma kamfanin ya jingine aikin, ya juya ga talabijin. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Blumlein ya koma aikin rada. Ranar 7 ga Yuni, 1942, jirgin saman da suke gwaji a ciki ya faɗi, ya mutu yana ɗan shekara 38. Saboda sirrin yaƙi aka rufe labarin.

Sai a 1958 faifan sitiriyo suka bazu a kasuwa, bisa tsarin da ya zana. Ya bar ƙirƙire-ƙirƙire 128 masu rajista, amma kaɗan ne daga masu cin moriyarsu suka san sunansa.