Sarkin Kano Muhammadu Rumfa da Kayan Adon Sarauta

Duk yaron da ya taso daga Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya shiga cikin birni kallon hawan Salla, in ka tambaye shi mafarin adon da ya gani jikin Sarki, da wuya bai ce maka Rumfa ba. Manya ma haka sukan ce, har da masu rubutu. Abin da za mu duba a nan shi ne: wanne ne nasa, wanne ne aka jingina masa?

Muhammadu Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne, kuma shi ne sarki na ashirin a jerin da littafin Tarihin Kano ya kawo. Ya hau gadon sarauta a 1463, ya rasu a 1499, ɗansa Abdullahi ya gaje shi. Shi ya gina Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya naɗa majalisar Tara ta Kano. Ya kuma yi shekara 11 yana yaƙi da Katsina ba tare da wani ya rinjayi wani ba.

Ta fuskar ado, littafin ya ambaci kakaki da figini da takalmin gashin jimina cikin abubuwan da ya ƙago, haka kuma dawakin zage. In mun lura, dukkansu abubuwa ne masu raba sarki da sauran jama'a. Kakaki na sanar da fitowarsa tun ba a hango shi ba, figini na kewaye shi, takalmin kuwa ba kowa ke sa irinsa ba. Ke nan Rumfa ya mai da kwarjini wani makami na riƙon ƙasa.

Amma fa ado nasa na da linzami. Wajen 1492 Shaihu Almagili ya sauka Kano, ya rubuta wa Sarki littafin nasiha kan wajiban sarakuna. A ciki ya hori sarki da tsabtar jiki da ƙanshi da kyakkyawar tufa irin wadda ta halatta ga maza, ya hane shi zinariya da azurfa da alharini.

To, a nan ne marubuci ya kamata ya taka a hankali. Littafin nan bai ba Rumfa lifidi da kwalkwali da sulke ba. Sarki Kananeji ya ba, wanda ya riga shi da fiye da shekara hamsin. Bai kuma bayyana launin rigarsa ko irin naɗin rawaninsa ba. Har ila yau, masana da dama suna ganin sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka tsara littafin, wato kimanin shekara 400 bayan rasuwarsa, kafin Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Saboda haka wanda ya kwatanta Rumfa cikin alkyabba da rawani irin na sarakunan Fulani, zamanin da ya sani ya kwatanta.

Wannan bai rage wa Rumfa daraja ba ko kaɗan. Daular Haɓe ta faɗi a zamanin jihadi, Turawa suka ci Kano a 1903, amma har yau ana busa wa Sarkin Kano kakaki a gidan da Rumfa ya gina. Haƙƙinsa a kanmu, mu ɗalibai, shi ne mu faɗi abin da aka rubuta a matsayin rubutacce, abin da aka ji a baka kuma mu ce a baka muka ji shi.